Nas ɗin karkara da ɗakin masu rai a hannun Allah: ana shiga ba a taɓa aiki a ciki ba?

'Yar ƙanwata ce ta kira ni bayan sallar isha'i, daga garin da take aiki a karkarar Jigawa. Shekararta uku ke nan a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, tana kaiwa da komowa tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin mata. Da muka gaisa ta tambayi mutan gida, sai ta ce, "Kawu, wani abu na gani a Facebook. Wai a Amurka mutum yana iya zama babban nas na sashen kulawa mai zurfi, ya duba marar lafiya ya rubuta magani da kansa, ko da bai taɓa aiki a sashen ba. Ni kuwa ko na'urar numfashi ban taɓa ganin tana aiki ba sai a hoto. Ina da hanya, ko in haƙura?"

Na ce ta ba ni kwana biyu, domin tambayar tata ƙunshi ce. Abu uku ne suka cuɗe a cikinta: sunan muƙamin, ƙofar makaranta, da iya aikin kansa. Wanda ya amsa ɗaya ya bar biyu yana iya sa yarinya ta sayar da gonarta ta gado ta bi abin da babu shi, ko ya kashe mata gwiwa a kan abin da ta cancanta. Ni ma daga karkara na shiga wannan sashe, bayan shekara tara ina aiki a inda babu shi, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai.

Mu fara da sunan. Abin da ta gani shi ake kira nas firaktishina, kuma a Amurka aka haife shi. A 1965, a Jami'ar Kolorado, wata malamar jinya mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka ga yaran ƙauyuka ba sa samun likita, sai suka shirya wa nas-nas ƙarin karatu domin su riƙa duba yara suna yanke shawara da kansu. Ashe tushen abin ma matsalar karkara ce irin tamu. A yau mai son wannan muƙami sai ya yi digirin jinya, ya samu lasisi, ya ƙara digiri na biyu ko na uku, ya ci jarrabawar ƙwarewa, sannan jihar da yake zaune ta ba shi izini. A wasu jihohin yana cin gashin kansa, a wasu dole akwai likitan da yake aiki tare da shi. Reshen karatun da ya shafi masu matsananciyar jinya shi ne yake kai mutum sashen kulawa mai zurfi, wanda mutanen asibiti suke ce wa ai-si-yu.

Gaskiya ne akwai jami'o'in da suke ɗaukar ɗalibi a wannan reshe ba tare da ya taɓa aiki a sashen ba, yayin da wasu suke cewa sai an kawo shaidar aikin shekara ɗaya ko biyu. To amma a duba lissafin. Mafi ƙarancin lokacin da aka daɗe ana nema ɗalibi ya yi a gaban marasa lafiya yayin karatun shi ne awa 500, sai a 2022 masu tsara ƙa'idojin karatun suka ɗaga shi zuwa 750. In ka raba 750 a kan dutin awa 12, bai cika duti 63 ba. Mai yin duti uku a mako zai cinye su cikin wata biyar. A Amurkan dai, nas mai aiki a gefen gado ba ya rubuta jarrabawar shaidar ƙwarewa ta CCRN sai ya yi awa 1,750 cikin shekara biyu, ko awa 2,000 cikin shekara biyar, yana kula da masu matsananciyar jinya da hannunsa. Masu son karatun ba da maganin barci a ɗakin tiyata kuwa, ƙa'ida ce sai sun yi aƙalla shekara guda a sashen kulawa mai zurfi. Wato mutum yana iya fitowa da takardar da ta ba shi ikon rubuta umarni ga nas ɗin da ta ninka shi zama a gefen gado. Su kansu mutanen can suna ta ja-in-ja a kan haka, kuma asibitoci da yawa in sun tashi ɗaukar ma'aikaci sukan fifita wanda ya riga ya yi aikin.

A Najeriya babu wannan lasisi. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ita ce take yi wa nas rajista, kuma hanyar da ta tanada daban ce. Mutum zai fara zama nas mai rajista, ko ta kwalejin jinya irin ta Birnin Kudu da ta Madobi, ko ta digirin jami'a irin na Jami'ar Bayero. Bayan haka ne zai nemi karatun ƙwarewa na bayan rajista, wanda galibi yakan ɗauki shekara guda zuwa shekara da rabi. Asibitin ƙashi na Dala yana horar da masu jinyar ƙashi, Kaduna tana da na ido da na kunne, na kulawa mai zurfi kuwa an san asibitin koyarwa na Gwagwalada da na Jos da shi. Abin da aka saba nema shi ne rajista, lasisi mai rai, sakamakon sakandare, aikin jinya na wani lokaci bayan rajista, sai jarrabawar shiga da ganawa. Sharuɗɗan sukan sauya, don haka sanarwar shekarar ita ce abin karantawa, ba labarin wanda ya yi bara ba. Wanda ya gama zai fito ƙwararren nas na sashen, yana aiki tare da likitocin barci da sauran likitoci, ba mai rubuta magani shi kaɗai ba.

A nan akwai wata magana ga 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda su ne suke riƙe da yawancin asibitocin sha-ka-tafi a ƙauyukanmu. Hukumar da take yi musu rajista daban ce, kuma takardarsu ba ta buɗe wannan ƙofa. Duk iya aikin mutum, sai ya koma ya zama nas mai rajista tukuna.

Ra'ayina a kan ƙofar makaranta a fili yake: bai kamata a rufe ta ga wanda bai taɓa aiki a sashen ba. Ina gadajen kulawa mai zurfi suke a Kano da Jigawa? Suna manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma ko a can ƙirga su ba ya wahala. In aka ce sai wanda ya yi aiki a ciki ne zai koyi aikin ciki, an yanke hukunci ke nan cewa 'yar Gwaram da ɗan Birniwa da 'yar Doguwa ba za su taɓa shiga ba, sai 'ya'yan birni su yi ta gadon juna.

Ban da haka ma, akwai kuskure a yadda muke fahimtar abin. Mun ɗauka kulawa mai zurfi ɗaki ne mai sanyi da na'urori masu ƙara. Tarihinta bai nuna haka ba. A 1952 cutar shan-inna ta ɓarke a Kofanhagen, babban birnin Denmak. Daga cikin mutum 31 na farko da cutar ta taɓa musu numfashi, 27 suka rasu. Wani likitan barci, Bjorn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa roba, a riƙa tura iska cikin huhu da jakar roba da hannu. Babu na'urorin da za su ishi jama'a, sai aka tara ɗalibai kimanin 1,500 suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa a zaune gefen gado yana matsa jaka. Mace-macen suka sauko ƙasa da rabi. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗaki na musamman domin irin waɗannan marasa lafiya, kuma daga nan mutane da yawa suke ƙirga haihuwar sashen. Abin da ya ceci rayukan nan shi ne mutum a zaune bai ɗauke ido ba, na'ura daga baya ta zo.

Matsananciyar jinya kuwa ba ta jiran sai an gina mata ɗaki. A 2025 mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken da aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22. An samu cewa cikin kowane manya takwas da ke kwance a asibiti, ɗaya yana cikin matsanancin hali. Cikin kowane biyar na waɗannan, ɗaya ya rasu kafin kwana bakwai. Kuma fiye da kashi biyu cikin uku nasu a ɗakin kwanciya na gama-gari suke, ba a sashe na musamman ba. Duk wanda ya yi dutin dare a karkara bai buƙatar a fassara masa wannan. Matar da aka kawo a kan amalanke tana jijjiga, wadda ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya haye masa ka a tsakiyar damina, manomin da kububuwa ta sara lokacin girbi dasashinsa na zubar jini, wanda ya sha fiya-fiya yawu na dalala, jaririn da sanyin haƙarƙari ya sa ƙirjinsa yake lotsawa. Da tankar mai ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, fiye da mutum 150 suka rasu, kuma ma'aikatan asibitocin kusa, irin su Ringim da Haɗejiya, su ne suka fara karɓar waɗanda suka ƙone. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Na ce wa 'yar ƙanwata ta tuna abin da take yi wa mai jijjiga bayan ta yi mata allurar magnesiyam salfet. Tana ƙirga numfashi, tana bugun gwiwa ta ga ko ƙafa za ta motsa, tana auna fitsari kada ya gaza mililita 30 a awa, tana ajiye kalsiyam gulukonet kusa saboda ko maganin zai yi yawa. Wannan shi ne ainihin kulawa mai zurfi: magani mai ceto wanda kuma yake iya kisa, da ido a kansa awa bayan awa. A jihar Kano aka gwada shigar da wannan magani asibitoci goma a 2008 tare da horar da ma'aikata, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Babu na'urar numfashi ko ɗaya a cikin wannan nasara. Saboda haka in ta zauna gaban masu ganawa kada ta ce ba ta san komai ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma nas ɗin karkara tana da idon da ke gane mutum zai faɗi tun kafin a ɗaura masa awo.

Sai dai a nan ne zan daɗe, domin yabon nan in ya tsaya shi kaɗai zai cuce ta. Akwai abubuwan da aikin karkara ba ya koyarwa, kome yawan shekarun mutum.

Babba a cikinsu shi ne ganin ƙarshen labari. A karkara awar farko muke gani. Mu sa ƙarin ruwa, mu tsayar da jini gwargwadon iko, mu rubuta takarda, a nemi mota a wuce Dutse ko Birnin Kudu ko Kano. Abin da ya faru a kwana na uku, lokacin da ƙoda ta fara gazawa saboda jinin da aka zubar, ko a kwana na bakwai, lokacin da ƙwayar cuta ta bi robar fitsari ta shiga jini, ba ma ganinsa. A sashen kulawa mai zurfi kuwa nas takan zauna da marar lafiya ɗaya ko biyu tsawon dutinta, tana rubuta awo kowace awa, kuma abin da take karantawa ba lamba ɗaya ba ce, tafiyar lambobin ce. Bugun zuciya 100 ba abin tashin hankali ba ne, amma in 84 ne da azahar, 92 da la'asar, 100 da magariba, fitsari kuma yana raguwa, to akwai abin da yake tafe, ko da mutumin yana hira da kai. Wannan karatu ba a littafi yake zama a kai ba. Sai ka ga irinsa sau da yawa, akwai wani babba a gefenka yana cewa, ka ga wannan, jiya ma haka ya fara.

Sai na'ura. A makona na farko a sashen, na'urar numfashin wani dattijo ta fara ƙara. Na nufi allonta ina neman abin da zan gyara. Babbar sistar da take koya mini ta ce, "Malam, dubi mutumin kafin ka dubi allon." Ta cire shi daga na'urar, ta haɗa jakar hannu, ta matsa, iska ta ƙi shiga. Majina ce ta toshe robar maƙogwaro. Ta zuƙe ta, launin leɓensa ya dawo. Duk abin bai kai minti biyu ba, kuma da ni kaɗai ne a wurin da waɗannan minti biyun a gaban allo zan ƙarar da su. Daga baya na koyi cewa idan wanda ke kan na'ura ya rikice farat ɗaya, abu huɗu ake fara zargi: roba ta goce, roba ta toshe, iska ta taru a ƙirji ta danne huhu, ko na'urar ce da kanta ta samu matsala. Haddace su aikin minti biyar ne. Hannu ya tafi inda ya dace kafin tunani ya gama haɗuwa, wannan watanni yake ci.

Magungunan ma ba irin waɗanda muka saba ba ne. Noradirenalin, wanda ake ɗaga hawan jinin da ya faɗi da shi, da maikirogiram ake lissafa shi, a kan kowane kilo na nauyin mutum, a kowane minti, kuma maikirogiram dubu ne suke yin miligiram ɗaya. Ɗigo ɗaya da ya goce a lissafi ya ninka maganin sau goma. Fotasiyam idan aka tura shi jijiya kai tsaye da sauri yana tsayar da zuciya. Ga karanta sakamakon iskar jini, ga sanin bugun zuciyar da ake jira da wanda ake gudu a ɗauko na'urar girgiza shi. Ga kuma ayyukan da ba su da kwarjini amma su ne suke raba mai fita da ƙafarsa da wanda ba ya fita: ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45 don kada abin ciki ya gangara huhu, wanke baki, juya marar lafiya duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, wanke hannu kafin a taɓa kowace roba. A ƙauye 'yan jinya ne suke wanka da ciyarwa da juyi. A can duk a wuyan nas suke.

Akwai kuma hali guda biyu da karkara take gina wa mutum, masu kyau a inda aka same su, masu haɗari a sashen. Na ɗaya dabara. Mun saba in babu abu mu ƙirƙiro madadinsa, mu rataye ƙarin ruwa a ƙusa, mu haska jijiya da fitilar waya, kuma da wannan dabara aka ceci rayuka ba adadi. Amma a kan famfon sirinji mai tura noradirenalin ba a kintace. Na biyu sabo da zama na ƙarshe. Nas ɗin da ta shekara biyar a ƙauye ana ce mata likita, babu wanda yake duba aikinta, in ta shiga sashen za ta tarar da yarinyar da ta girma da shekara takwas tana gyara mata riƙon robar zuƙe majina. Wanda bai iya haɗiye wannan ba zai fara ɓoye abin da bai sani ba, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne, kuma a wannan ɗaki ba wuyan mai shi kaɗai yake shaƙewa ba.

Shi ya sa nake raba ƙofa biyu. Shiga karatu ba tare da gogewar sashen ba, na yarda, ina ma goyon baya. Amma a ba mutum dutin dare shi kaɗai, ko a ba shi ikon yanke shawara a kan wanda ke kan na'ura, don kawai ya riƙe takarda, wannan ban yarda da shi ba, a Amurka ne ko a Gumel. Bayan karatun ma ana buƙatar watanni a ƙarƙashin wani, ana fara ba ka mai sauƙi, ana ƙara maka nauyi sannu a hankali.

Abin da na faɗa mata ta yi tun yanzu ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta riƙa ƙirga numfashi minti guda cur da agogo, domin shi ne awon da aka fi rubutawa da ka, alhali shi yake fara sauyawa idan mutum zai rikice. Ta mallaki ɗan abin auna iskar jini na yatsa, ta san cewa ƙasa da 90 neman oksijin ne ba jira ba. Ta iya ma'aunin farkawa na Gilasgo, wanda yake tafiya daga 3 zuwa 15, ta san cewa daga 8 zuwa ƙasa hanyar numfashi tana cikin haɗari. Ta riƙa auna sukarin duk wanda ya suma. Ta roƙi matiron a mayar da ita ɗakin haɗari da gaggawa, ko ɗakin farfaɗowa bayan tiyata, inda za ta zauna kusa da masu ba da maganin barci ta koyi riƙe muƙamuƙi da matsa jakar iska, wanda shi ne hannun farko na wannan sana'a. In za ta samu izinin zuwa wani babban asibiti na 'yan makonni ta zauna a sashen tana kallo, ko da a hutunta ne, ta yi. Ko a cikin jihar akwai inda ake ganin masu ciki da ke cikin matsanancin hali da yawa, kamar asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aiki a ɓangaren haihuwa tun 2008. Sannan duk wanda ta tura gaba, ta karɓi lambar mai jinyarsa ta bi sawu ta ji yadda aka ƙare. Ta haka za ta fara ganin kwana na uku da na bakwai da aikinta yake ɓoye mata.

Maganar zuwa waje gajeriya ce. Mai nufin Amurka sai an tantance takardunsa, ya ci jarrabawar neman lasisin jinya ta NCLEX, ya samu lasisin wata jiha da izinin zama, sannan a fara batun digiri na biyu da kuɗinsa. A 2024 majalisar jinya ta Najeriya ta fito da ƙa'idar sai an yi aikin shekara biyu kafin ta tantance wa mutum takardun fita, abin da ya jawo zanga-zangar nas-nas a Abuja da Legas. Duk dillalin da ya ce zai tsallakar da ke waɗannan matakai, ko ya ce kwas ɗin wata uku ta intanet zai mayar da ke ƙwararriya, kuɗinki yake so. Kafin a biya ko sisi a tabbata majalisar ta amince da makarantar.

Abin da ya fi damuna ba shigar ba ce, dawowar ce. Mace mai aure da 'ya'ya za ta nemi yardar maigida, ta bar yara wurin kaka, ta nemi hutun karatu da albashi, ta sa hannu a yarjejeniyar dawowa ta yi wa jiha aiki, ta shekara a Gwagwalada ko Jos. In ta dawo, ɗayan biyu: ko a riƙe ta a birni, ƙauyen da ya raine ta ya yi asararta, ko a mayar da ita inda babu ko tukunyar oksijin, abin da ta koya ya yi ta zubewa har ya ƙare. Akwai hanya ta uku, kuma ba ta fi ƙarfin kowace jiha ba. A ware gado huɗu kusa da teburin nas a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, a sa na'urar tace oksijin mai aiki da hasken rana, da abin zuƙe majina, da jakar iska, da takardar awo ta kowace awa, a ɗora ƙwararriyar nas a kai tana koya wa sauran. Babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a watan Mayun 2023 yana kiran ƙasashe su shigar da kulawar gaggawa da ta masu matsananciyar jinya cikin tsarin lafiya tun daga ƙasa. Gado huɗun nan su ne fassarar ƙudurin a Kafin Hausa ko a Sumaila.

Bayan mako biyu ta sake kirana, wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri na tashe ka. Na matso da gado biyu kusa da teburinmu, matiron ta yarda. Akwai wadda aka kawo da jijjiga jiya, awa uku ke nan fitsarinta bai wuce mililita 20 a awa ba. Na dakatar da allura ta gaba, na aika a taso likita." Na tambaye ta numfashi, ta ce 14. Na tambaye ta gwiwa, ta yi shiru, sannan ta ce bari ta je ta sake bugawa, za ta kira ni.